Baffana, Mai Ajiyar Kiɗan Ubana

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Wurno, aka kai shi makwanci kafin azahar. Ba a jira danginmu na Taloka ba, don tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya ba mai son la'asar ta same shi a waje. Zaman makokin ma haka aka yi shi kwana uku, mutane su zo da safe, su yi addu'a, su sha kunu, su tashi da sauran rana.

Ina cikin gida tare da mata, ina jin abin da ake faɗa a kansa. Wata ta ce ba ta taɓa roƙonsa irin albasa ya hana ta ba. Wata ta ce shi ya raba rigimar iyakar gonarsu a Kwargaba bayan an gaji da kai ƙara. Mijina da ke zaure ya ce liman ya yi shaidar shekara talatin yana ganinsa a sahun farko. Duk gaskiya ne. Amma har aka kusa tashi daga makokin ban ji wanda ya ambaci kiɗa ba.

Sai a rana ta uku wani tsoho ya sauka daga kabu-kabu, daga Rabah. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara wa tabarmar da Baffa yake zama. Samari suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Kunnensa ya mutu, shi ya sa yake magana da ƙarfi har muna ji daga ciki. Ya ce tare suka yi aiki a badujalar 'yan sanda a Kaduna, shi yana ganga, Baffa yana ƙaho, kuma yanzu shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa buga kiɗan ƙanen mamacin. Liman ya yi gyaran murya ya ce a yi fatiha. Gwaggo, babbar yayarsu, tana kusa da ni tana jan carbi. Ta ce Allah ya shirye shi, tsoho da shi ya zo gidan mutuwa da zancen banza.

Ƙanen da yake nufi shi ne mahaifina. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, ina da wata bakwai. Da aka yaye ni mahaifiyata ta yi aure a Rabah, Baffa ya ɗauke ni, a hannunsa na girma. Ban san muryar ubana ba. Abin da na sani game da shi daga bakin Baffa na ji shi, da kuma wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Shi ya sa nake rubuta wannan, don in ban faɗa ba za a tuna da manomin albasa mai kirki, a manta da abin da ya ɗauka a ransa fiye da shekara arba'in.

Mu ba gidan kiɗa ba ne. Kakana manomi ne a Lahodu, kuma har ya mutu bai yarda a faɗi sana'ar 'ya'yansa a gabansa ba. Baffa ya shiga ɗan sanda ne don gudun noma, aka ga yana da faɗin ƙirji, aka tura shi badujala, aka ba shi babban ƙahon tagulla, irin wanda ake rungumarsa kamar tulu. Da ya zauna da gindinsa sai ya ɗauko ƙanensa don ya yi makaranta. Ubana ya riƙa bin sa wurin da suke gwaji, cikin 'yan watanni ya iya karanta rubutun kiɗa fiye da waɗanda suka tsufa a kai. Shugaban badujalar ya lura da shi, ya nema masa hanya ya tafi Kudu wurin wani malami. Da ya dawo sai ya kama rubuta kiɗa na makaɗa arba'in, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho da begila, ya haɗa su da algaita da kotso irin namu.

Kowace shekara in damina ta wuce, Baffa yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe akwatin, ya shanya takardun saboda gara da danshi, ya danne kowace da ɗan dutse. Dogayen takardu ne, an ja musu layi biyar biyar, da baƙaƙen ɗigo a kai. Ƙunshi uku ne, babban shi ne wanda ubana ya sa wa suna Fadama, kuma kashi uku gare shi. Baffa yakan zauna a gefe yana karantawa kamar wasiƙa, ƙafarsa tana motsi, leɓensa yana motsi, wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai. Shi yana jin makaɗa arba'in a cikin kansa. Mu ba ma jin komai sai kukan kaji.

Da na yi wayo ya fara nuna mini. Yakan rera mini layi ɗaya ya ce in riƙe, sannan ya rera wani a kai, in ji yadda biyun suke rabuwa suna haɗuwa. Yakan ce yawancin masu rubuta kiɗa in an ba su mutum arba'in sai su sa duka su yi ta hayaniya tare kamar Goronyo ranar kasuwa. Ubana kuwa da sarewa ɗaya ya fara, ya bar ta ita kaɗai har mai sauraro ya fara damuwa, sannan ƙananan goge su shigo ta ƙarƙashinta a hankali, ba ka sanin lokacin da suka shigo. Kotso bai sa shi don ado ba, shi yake faɗar magana goge su amsa. Algaita kuma muryarta ba ta jituwa da kayan Turawa, amma bai tanƙwara ta ba, sai ya sa sauran su riƙe sauti ɗaya a ƙasa, ya sake ta ta yi yadda take so. Sau ɗaya tak duka arba'in ɗin suke tashi tare, gwargwadon numfashi uku, sai ya katse su. Har shirun da ya biyo baya ya rubuta tsawonsa.

Akwai shafin da Baffa ba ya wucewa da sauri, a tsakiyar kashi na biyu. Ya ce shekara goma sha biyar yana busa ƙaho, aikinsa kawai ya riƙa cewa bum, bum a bayan mutane, ba wanda ya san yana wurin.

"Sai ƙanena yab ba ni waƙar," in ji shi. "Kowa shiru, ni kaɗai. Sau ɗaya munka gwada ta."

Wannan gwajin shi ne kaɗai lokacin da aka taɓa buga Fadama, a wani ɗakin taro a Kaduna, da masu goge da aka aro daga Kudu, kuma kashi biyu na farko kawai. Ba a ɗauki sautin ba. Manya suka ce ya yi tsawo, kuma ba a iya fareti da shi. Shekara ba ta zagayo ba tarin fuka ya kama ubana, Baffa ya kawo shi gida ya yi jinyarsa har ya cika.

Ba zan ce Baffa mutum ne mai sauƙi ba. Shekarar da gulbi ya cika ruwa ya shigo unguwarmu, yana da lokacin fitar da abu ɗaya mai nauyi, sai ya ɗora akwatin a ka ya bar buhunan gero a ɗaki. Muka kwana biyar a firamare tare da sauran waɗanda ruwa ya kora. Geron ya ruɓe, muka ci daga hannun dangi har kaka. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma har ta rasu bai taɓa ba ta haƙuri a kan wannan ba. A nan firamaren Gwaggo ta same shi a gaban mutane. Ta ce ya zaɓi takardun shaiɗan a kan cikin iyalinsa, ta ce duk ranar da aka rera abin da ke ciki ana ƙara wa mamaci nauyi a kabari, in yana ƙaunar ƙanensa ya cinna musu wuta. Baffa ya ce mata shi ya wanke gawar ƙanensa, ba ta fi shi sanin nauyinsa ba. Shekara huɗu suka yi ba sa magana. Da mijin Gwaggo ya rasu, Baffa ya tashi da sassafe ya kama noman gonarta ba tare da ya ce mata komai ba, ya yi damina uku yana yi. A haka suka shirya, kuma ba su sake tayar da zancen akwatin ba.

Bayan na yi aure na kama aikin jinya a Goronyo, na karɓi haihuwar matar wani malamin sakandare, Kirista, mutumin Filato. A hira na ji shi yake kaɗa fiyano a cocinsu, kuma yana karanta rubutun kiɗa. Na kawo shi Wurno. Sai da Baffa ya sa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya bar shi ya taɓa takarda. Malamin ya zo da ɗan fiyano mai batir, ya ɗora a kan turmi, ya fara kaɗa farkon Fadama. Ni dai na kasa kunne, don ban taɓa jin abin ubana daga wani wuri ba sai bakin Baffa. Ba a jima ba Baffa ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Malam. Wanga ƙashi na, babu nama."

Na ji kunya kamar in nutse. Malamin kuwa bai ji haushi ba, ya ce Baba ya faɗi gaskiya, yatsu goma ba za su yi aikin mutum arba'in ba. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wa algaita irin wannan wurin zama ba, ya roƙi a bar shi ya kwafa. Daga nan kusan kowace Asabar yana zuwa, su zauna a inuwar bango, shi yana kwafa, Baffa yana gyara masa, su ci tuwo a kwano ɗaya. Maƙwabta sun yi ta magana, Baffa bai kula ba. Sau ɗaya suka saɓa, ranar da malamin ya lura kashi na uku ya tsaya a tsakiyar shafi, ya tambayi ina sauran. Baffa ya tattara takardun ya rufe akwatin, ya ce ya gaji. Sai da ya yi mako biyu yana cewa a faɗa masa ba ya nan.

Malamin ya gama kwafar kashi na farko ke nan aka sace wani abokin aikinsa a hanya. Bai ƙara wata ba ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Baffa ya raka shi tasha da buhun albasa, ya tsaya har motar ta ɓace. Bayan wannan yanar ido ta fara rufe masa gani, cikin shekara biyu ba ya bambanta ɗigo da layi. Duk da haka bai daina shanya takardun ba, yana shafa su da tafin hannu yana faɗar shafin da yake kai.

A ƙarshen daminar bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, na ɗauki hutu na dawo gida. Wata safiya ina ba shi kunu ya ture kofin, ya tambaye ni ko na san abin da ya hana kashi na uku ƙarewa. Na ce ajali.

"Ba ajali ba na, ɗiyata. Ni na. Ni niɗ ɗauke mai alƙalami."

Ya ce likita ya ce a hana majinyacin duk wani aiki, shi kuwa ubana ko a kwance rubutu yake, yana tari jini yana ɗiga a kan takarda. Sai Baffa ya kwashe alƙalami da tawada da takardun ya kulle. Wata biyu ubana yana roƙonsa. Da ya ga ba zai samu ba sai ya riƙa rera masa sauran, layi bayan layi, na sarewa daban, na goge daban, ya ce to ya rubuta da kansa. Baffa ya ce masa in ya warke ya rubuta abinsa. Bai warke ba. Baffa ya ce komai ya zauna masa a kai, babu abin da ya zube, amma duk lokacin da ya ɗauki alƙalami sai ya ga hannunsa bai cancanci ya hau shafin ba, kuma in ya rubuta dole a tambaye shi yadda aka yi. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Da malamin nan ya tambaye shi, bakinsa ya buɗe zai faɗa, kunya ta hana shi.

Ya ce in kawo wayata in ɗauki muryarsa. Safiya huɗu muka yi, bayan ya karya, lokacin da numfashinsa ya fi daidaita. Sai ya ce wannan na sarewa ne, ya rera, ya huta, ya yi tari, ya ce a koma baya ya yi kuskure. Mun samu na sarewa duka, mun samu na ƙananan goge. A safiya ta huɗu ya kama na ƙahonsa, ya kai rabi, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya yi sau biyar. Daga nan ya ce sauran kiɗan ya tafi, ba ya ganinsa. Ya juya fuska ga bango yana kuka, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne Inna.

Da ya natsa ya laluba ya kama hannuna, ya ce tunda ubana ba ya nan, ni ce zan yafe masa a madadinsa. Ni kuwa a lokacin raina a ɓace yake. Ina tunanin saurayi a kwance yana roƙon alƙalami, ina tunanin duk shekarun da idon Baffa yake garau da malamin da ya zauna kusa da shi da biro a hannu. Sai na ce masa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya gane ba abin da ya roƙa ke nan ba. Ya saki hannuna ya ce amin.

Ranar Litinin na tafi Goronyo in ƙara hutu. A mota na yi ta shirya abin da zan faɗa masa, cewa don yana son ƙanensa ya rayu ya yi abin da ya yi, kuma ba don shi ba da ko shafi ɗaya ban gani ba. Aikin takarda ya riƙe ni har la'asar, direbobi suka ce ba mai tashi. Na iso Talata da hantsi na tarar ana ɗora ruwan wanka.

Ranar bakwai, bayan baƙi sun watse, Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ta ce tana jiyo mu daga tsakar gida kwanakin nan, me Baffa yake ta rerawa. Na gaya mata duka, har zancen alƙalamin. Ta ce in kunna wayar ta ji. Na kunna na sarewa. Muryar Baffa ta fito a shaƙe, da tarinsa a ciki. Ba ta daɗe tana saurare ba carbin ya tsaya a hannunta.

"Mi yac ce maki wanga?" ta tambaye ni.

Na ce ƙarshen kiɗan ubana ne.

"Wagga waƙar innarmu ta. Ita takan yi bisa dutsen niƙa a Lahodu, ubanki na goye ga bayanta."

Ta ce in sa na gaba. Da aka zo na ƙahon, inda Baffa ya tsaya, na ga leɓenta yana motsi. Na matsa kusa na roƙe ta ta ci gaba, na danna wayar don in ɗauka. Ta buɗe baki, sauti biyu ko uku suka fito, sai ta tsaya. Ta rufe ido ta sake gwadawa, bai zo ba. Ta ce rabonta da rera waƙa tun kafin a haife ni, da kanta ta hana kanta, yanzu ta neme ta ta rasa. Ta miƙo mini wayar ta ce in kashe, in kawo mata ruwan alwala.

Ina zuba mata ruwan a hannu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, shekarar da ruwa ya kore mu tana da waƙar nan daga farko har ƙarshe, da Baffa ya tambaye ta da ta ba shi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sada shi da ƙanensa cikin rahama. Ya Allah ka shaida na yafe masa, ka isar masa, tunda ni ban isar ba.